Igogin da suka fuskanci teku: Abin da Singafo da Dakar ke faɗa wa ƙasar Gwandu

Mutumin Cheberu, a Ƙaramar Hukumar Gwandu, ba shi da wata hulɗa da teku. Ruwan da ya sani shi ne na damina da na rijiyar fadama, sai kuma gulbi idan tafiya ta kai shi wajen Birnin Kebbi ko Argungu. Amma a daren 25 ga Disamba 2025 teku ya matso masa kusa. Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato, Gwamnatin Tarayya kuma ta bayyana cewa daga Mashigin Tekun Gini aka tsara farmakin, an nufi dajin da ke yankin Tangaza, sannan tarkacen makami ya faɗo a Jabo, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal mai maƙwabtaka da Gwandu. Babu ganuwa, babu shinge, babu ƙofar gari da za ta iya tare abin da ya zo ta wannan hanya.

Wata shida kafin nan, Janar Christopher Musa, wanda a lokacin shi ne Babban Hafsan Tsaro, ya ba da shawarar a katange iyakokin Najeriya baki ɗaya, ya kafa hujja da abin da Pakistan da Saudiyya suka yi a nasu iyakokin. Iyakarmu da Nijar kaɗai ta kai kimanin kilomita 1,500, wani yanki nata kuma ya ratsa yammacin Jihar Kebbi. Maganar ta samu karɓuwa a wurin mutane da dama, kuma ba abin mamaki ba ne: wanda ya kwana da fargaba yana son ya ga abin da zai jingina da shi. Sai dai kafin a zuba dukiyar jama'a a kan siminti da waya, yana da kyau a waiwayi mutanen da suka fi kowa gwada irin wannan dabara, wato waɗanda suka kafa manyan igogi a bakin teku domin kare biranen da ke da tashar jiragen ruwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Mu fara da Singafo. A tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu Birtaniya ta kashe maƙudan kuɗi ta gina sansanin sojan ruwa a wannan tsibiri, aka buɗe shi a 1938. Aka kewaye tashar da igogi, ciki har da guda biyar da faɗin bakinsu ya kai inci 15, irin waɗanda ake ɗora wa manyan jiragen yaƙi. Uku a wajen Changi, biyu a Buona Vista. Tunanin masu tsarin shi ne abokin gaba zai zo da jiragen ruwa daga kudu, igogi su riƙe shi har rundunar ruwa ta iso daga Turai. Arewa kuwa, inda dajin Malaya yake, an bar wa daji ya yi gadi.

Japan ba ta zo ta kudu ba. Ranar 8 ga Disamba 1941 sojojinta suka sauka a Kota Bharu, can arewacin Malaya, bayan kwana biyu jiragen samanta suka nutsar da manyan jiragen ruwan Birtaniya guda biyu da aka turo domin tsaron yankin. Daga nan suka gangaro ta ƙasa, da yawansu a kan kekuna, suna kewaye duk wani shinge da aka kafa a kan titi ta cikin daji ko ta ƙananan kwale-kwale. Ranar 8 ga Fabrairu 1942 suka tsallako siririn ruwan da ya raba tsibirin da Malaya, ranar 15 ga watan Janar Arthur Percival ya miƙa wuya ga Janar Yamashita. Sojoji kimanin 80,000 suka zama fursunoni a hannun rundunar da ba ta kai rabinsu ba.

An daɗe ana yaɗa cewa igogin Singafo ba sa iya juyawa, sun kafe suna kallon teku har gari ya faɗi. Gaskiyar ta fi wannan ɗaci. Mafi yawansu sun juya, har sun yi harbi wajen arewa. Matsalar tana ga harsashin da aka tanada: akasarinsa irin wanda aka ƙera domin huda ƙarfen jirgin ruwa ne, wanda idan ya faɗa a laka sai ya nutse kafin ya fashe, ba ya yi wa sojan ƙasa da ke warwatse a daji wata ɓarna ta a zo a gani. Wato an sayi makami mai tsada, an sayi harsashinsa, amma domin wani yaƙi daban. Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin shi ne Percival ɗin nan, tun a 1937 yana babban hafsa a Malaya, yana cikin waɗanda suka rubuta gargaɗin cewa Japan na iya zuwa ta arewa, dajin kuma ba zai hana ta ba. Da ya dawo a matsayin kwamanda, babban injiniyan rundunar ya roƙe shi a gina matsera a gaɓar arewa, ya ƙi, wai kada hankalin jama'a ya tashi. Duk ma'aikacin gwamnati da ya taɓa rubuta takardar gargaɗi ta kwanta a cikin fayil ya san wannan hali, ba sai an fassara masa ba.

To, kada a ɗauka igwar bakin teku ba ta taɓa amfani ba. A nan Afirka ta Yamma ta yi. Bayan Jamus ta ci Faransa a 1940, Dakar ta zauna a hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus. Janar Digol da rundunar ruwan Birtaniya suka zo karɓar ta a ranar 23 ga Satumba, suna zaton za a tarbe su da farin ciki. Gwamna Pierre Boisson ya ƙi. Igogin da ke Cap Manuel da tsibirin Gore, masu faɗin baki milimita 240, tare da babban jirgin yaƙi Richelieu da ke cikin tasha, suka buɗe wuta. Hazo ya rufe wa maharan ido, aka lalata musu jirage, wani jirgin ƙarƙashin teku ya yi wa babban jirginsu Resolution mummunan rauni. Ranar 25 ga wata suka janye. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ya sa Nijar da Dahomey sun ci gaba da zama a hannun Vichy har shekara biyu, iyakar Lardin Sakkwato ta zama iyaka da ɓangaren abokin gaba, a daidai lokacin da ake harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ana tashinsu ta Kano da Maiduguri zuwa Masar. Dakar ta tsira ne saboda an zo mata ta inda ta shirya. A watan Nuwamba 1942, da iska ta juya, Boisson ya koma ɓangaren ƙawance ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Wasu daga cikin igogin suna nan a Gore sun yi tsatsa, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto a gefensu.

Labari na uku shi ne wanda na fi so mai karatu ya riƙe. Da asubahin 9 ga Afrilu 1940 jiragen ruwan Jamus suka shigo mashigin da ke kaiwa Oslo, babban birnin Norwe, a gaba akwai sabon jirgi Blücher ɗauke da sojojin da aka ɗora wa aikin kama sarki da gwamnati. A ƙuncin mashigin akwai tsohon sansanin Oscarsborg. Igoginsa ƙirar 1893 ne, yawancin sojojinsa sababbin ɗauka ne da ba su fi mako guda da sa kaki ba, kwamandansa Kanar Birger Eriksen ɗan shekara 64 ne da ke dab da ritaya, kuma ba a aiko masa da wani bayyanannen umarni daga sama ba. Ya ba da umarnin harbi da kansa. Harsashi biyu suka samu jirgin, nakiyoyin ƙarƙashin ruwa masu shekara arba'in suka ƙarasa shi. Oslo ta faɗi a ranar duk da haka, domin Jamusawa sun sauko ta filin jirgin sama, amma sa'o'in da aka samu sun ishi sarki da majalisa da zinaren ƙasa su fice.

Yanzu a kwatanta wannan da Maga. Ranar 17 ga Nuwamba 2025 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga a Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. Gwamna Nasir Idris ya fito fili ya ce an samu bayanan sirri tun kafin harin, an kuma girke sojoji, amma suka bar wurin ƙasa da sa'a guda kafin maharan su iso, ya nemi a faɗa masa wanda ya ba da umarnin janyewar. Alhamdu lillahi yaran sun dawo. Amma a Maga ba katanga ce ta gaza ba, ba kuma rashin labari ba ne. Abin da Oscarsborg ta samu da tsofaffin igogi, wato mutumin da ke wurin a sa'ar da ake bukata, mai iko da ƙarfin halin yanke hukunci, shi ne aka rasa.

Ba sai mun je Turai ko Asiya ba kafin mu fahimci wannan. Ƙasar Gwandu makaranta ce a kan sha'anin ganuwa. A 1805, bayan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, Shehu Usmanu da jama'arsa suka tare a Gwandu. Kafin shekarar ta ƙare Gobirawa da Kabawa da Abzinawa suka haɗa kai, aka gwabza a Alwasa, jama'ar Shehu suka sha mummunan kaye, suka ja da baya zuwa Gwandu. Garin a lokacin ba shi da ganuwa. Abin da ya cece shi shi ne tuddai masu duwatsu da ke kewaye da shi, inda doki da raƙumi ba sa sakewa, da kuma maharba da suka san babu inda za su gudu su bar iyalansu. Bayan an kori maharan ne Muhammadu Bello ya gina wa Gwandu ganuwa. Mutane ne suka fara tsayawa, ganuwa ta biyo baya.

Da Bello ya zama Sarkin Musulmi sai ya mayar da wannan darasi tsarin mulki, wato ribaɗi. Ribaɗi ba bariki ba ne da ake kai soja ya yi wata uku a sauya shi. Gari ne da ake kafawa a bakin daga, a zaunar da manoma da makiyaya da maƙera da malamai, a ba su gona da kasuwa da masallaci, a naɗa musu shugaba daga gidan sarauta ya zauna tare da su, abin da ya same su ya same shi. Shi kansa Bello ya bar Sakkwato ya zauna a Wurno, a can ya rasu a 1837. A nan yamma, bayan Yakubu Nabame ya tayar da Kabi a 1849 Argungu ta zama ƙaya a wuyan Gwandu, wasu sarakunan Gwandu sun tare a Ambursa domin su fuskanci abin da ke gabansu. Duk da haka ganuwa ba ta hana Kabawa kai hari ba, kamar yadda ba ta hana a kai musu ba. Hutun da talakawa da fatake suka samu a tsakiyar wannan doguwar gaba ya zo ne ta hanyar sulhun da ake kira Lafiyar Toga, a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga. Sannan a 1903 aka ga ƙarshen zance: ganuwar Kano, wadda ba ta da tamka a ƙasar Hausa, ta kasa riƙe rundunar Kanar Morland da ba ta kai mutum dubu ba, domin ya zo da igwa. Ranar 3 ga Fabrairu aka shiga Kano, ranar 15 ga Maris aka shiga Sakkwato. Haka ma ta faru da Oba Kosoko a Legas tun 1851: igoginsa na bakin ruwa sun kori Turawa a watan Nuwamba, suka dawo a Disamba da makamin da ya tarwatsa masa rumbun albarushi. Ita ma igwar bakin teku haka zamani ya yi da ita. Jirgin sama da makami mai linzami suka shafe amfaninta, Amurka ta rushe rundunarta ta igogin gaɓa a 1950, Birtaniya ta bi sahu a 1956.

Wanda aikinsa ya zama tace labarai yakan gaji da wata jimla guda: “an tura ƙarin jami'ai yankin.” Kusan kullum yankin shi ne inda aka riga aka kai hari. Tsaronmu yana fuskantar jiya. Da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama abar tsoro aka cika ta da shingaye, 'yan kasuwa da ma'aikata suka koma jirgin ƙasa, sai ga shi ranar 28 ga Maris 2022 an dasa wa jirgin bam. A Borno, a 2019, rundunar soja ta tattara ƙananan sansanoni ta mayar da su manya masu wuyar ci. Sojoji sun ɗan samu sauƙi, amma garuruwa irin su Gubio da Magumeri suka wayi gari a buɗe, a 2025 kuma mayaƙan ISWAP suka koma afka wa sansanonin da kansu, har da jirage marasa matuƙa. An haƙa ramuka an kewaye garuruwa, kuma a yi adalci, ramukan sun ceci rayuka. Sai dai gona ba ta cikin rami. Manoman shinkafar Zabarmari da aka yi wa yankan rago a Koshebe ranar 28 ga Nuwamba 2020, su aƙalla 43, sun fita ne domin abinci ba ya tsirowa a cikin ganuwa.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi shafar Kebbi, jihar da arzikinta ke fadama. Lakurawa da suka kashe mutum 15 a Mera, cikin Ƙaramar Hukumar Augie, a watan Nuwamba 2024, kuma Babbar Kotun Tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda a Janairu 2025, ba da runduna suke zuwa ba balle a tare su a ƙofa. A kan babura suke, su shigo ƙauye su yi wa'azi, su karɓi abin da suke kira zakka, su kora shanu, su yanke hukunci a kan rigimar da hukuma ta yi shekaru ba ta duba ba. A wasu yankunan Sakkwato ma tun farko gayyato su aka yi domin su kori ɓarayin daji. Wayar da za a ja daga Kamba zuwa Illela ba ta da abin da za ta ce wa mutumin da ya riga ya shigo, ya yi aure, ya san mai sayar masa da fetur. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ke nan ba a kan iyaka take ba.

Gwandu da Kalgo ba a bakin iyakar ƙasa suke ba, shi ya sa ake yi musu kallon cikin gida, kamar yadda aka yi wa arewacin Singafo. Kalgo tana ɗauke da mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da babban asibitin jiha, ga ta a ƙofar babban birni. Gwandu tana jingine da Tambuwal, ga hanyoyin da ke ɗaukar albasar Aliero da kayan kasuwar Jega. Ban ce hari na tafe ba, Allah Ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne wurin da kowa ya yarda babu komai, nan ne ba wanda ke tambayar minti nawa za a yi kafin agaji ya iso, ko wayar wa dagaci zai kira da ƙarfe uku na dare, ko akwai sabis a ƙauyen ma, ko motar sintiri tana da mai. Waɗannan su ne harsashin da ya dace da wannan yaƙi, kuma ba sa ɗaukar hoto. Katanga tana da ranar aza harsashi da ranar yanke kyalle, tana da ɗan kwangila. Man motar sintiri da alawus ɗin ɗan sanda da albashin mai kawo labari ba su da ko ɗaya, shi ya sa su ne ake fara zaftarewa idan kasafi ya matse.

Ɗan kasuwa kuwa ya san farashin tsaron da ke tsaye wuri guda, domin shi ke biya. Kowane shinge a kan titi yana da nasa kuɗin, ana ɗora shi a kan buhu, mai saye a Legas ko Onitsha ya biya, manomi a nan ya ga an rage masa. Mai babur da bindiga ba ya bin titin. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, motocin kaya sun yi layi har kayan gwari suka ruɓe, masu halattaccen ciniki suka karye, amma hanyoyin daji ba su taɓa rufuwa ba, sai ma daraja da suka ƙara har aka buɗe iyakar a Maris 2024. Idan rufewar da aka yi da umarnin Shugaban Ƙasa da dukan jami'an da ke kan iyaka ta kasance haka, ya kamata mai kawo shawarar waya ya bayyana mutum nawa za su tsare kowane kilomita, wa zai ciyar da su, kuma ina makiyayi da ɗan Kamba mai gona ko suruki a Gaya zai bi.

Akwai wuraren da gini yake da amfani, kuma bai kamata a yi jayayya a kansu ba: makarantun kwana, rumbunan makamai, gidajen yari, gadoji da mashigan ruwa irin su Dole-Kaina da Yauri, inda ƙasa da kanta ta tilasta wa kowa bi ta ƙunci ɗaya kamar mashigin Oslo. A irin waɗannan wurare ƙaramin sansani mai kwamandan da aka ba ikon harbi ba tare da jiran waya daga Abuja ba ya fi doguwar katanga. Sauran iyakar kuwa tsaronta yana hannun wanda ke ɗaya gefen. A watan Agusta 2024 Janar Musa da kansa ya je Yamai ya gana da takwaransa Janar Moussa Salaou Barmou, aka amince a farfaɗo da haɗin gwiwa. A Disamba na shekarar Janar Tiani ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta, a Maris 2025 kuma Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. Majalisar Dokokin Kebbi da 'yan majalisar tarayya na jihar suna da hurumin tambayar inda maganar sintirin haɗin gwiwa a iyakar Dosso da Tawa ta kwana, kafin a kawo musu takardar kuɗin waya.